Masu tambayoyin waya a kasuwar albasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dillalin albasa ne a Adjen Kotoku kusa da Accra ta Ghana, inda aka mayar da mu bayan tashin Agbogbloshie a 2021. Kwanan baya wasu samari suka zo da 'yar kwamfutar hannu, wai ɗaliban jami'a ne masu bincike. Suka yi ta tambaya: sau nawa nake kiran Galmi ta Nijar, inda muke saro albasa, a sati, nawa nake turawa ta MoMo (asusun kuɗi na waya), ko ina iya karanta saƙon tes. Suka sa min katin waya suka tafi. Me ake yi da irin wannan bincike? In sun dawo, in saurare su?
Wani Alhaji, Nima

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka saurare su, amma da sharaɗi.

Fanni ne mai zaman kansa a jami'o'i: ana auna ko waya da kwamfuta da intanet suna ƙara wa talaka wani abu a aljihu, ko kuwa surutu ne kawai. Binciken da ya fi shahara shi ne na Robert Jensen, da ya fito a 2007. Ya bi masunta a jihar Kerala ta Indiya daga 1996 zuwa 2001. Kafin waya, mai kwalekwale sai ya sauke kifi a gaɓar da ta riga ta cika, ya zubar da saura, alhali gaɓar gaba ana nema ruwa a jallo. Da waya ta zo, tun yana kan teku yake jin farashi. Zubar da kifi ya kau, ribar masunta ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, mai saye ma ya samu sauƙin kashi 4.

Na kusa da kai kuwa a Nijar aka yi shi. Jenny Aker ta duba kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006, ta ga tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 bayan shigowar waya, musamman inda kasuwanni suke nesa da juna, hanya kuma ba kyau. Wannan ka fi ta sani, tunda kullum kunnenka na Galmi. Sai dai da ita da Marcel Fafchamps suka koma kan manomi, ba su ga kuɗin da ake biyansa ya tashi ba. Fatake ne suka fi cin moriyar wayar. Ban faɗa don in zunguri dillalai ba, Alhaji, haka lissafin ya nuna.

Akwai kuma inda aka tashi a tutar babu. A Peru an raba wa 'yan firamare kwamfutoci, ɗaya ga kowane yaro. Binciken 2012 a makarantu 319 bai ga lissafinsu ko karatunsu ya ƙaru ba. Ni a ganina amfanin fannin ke nan: yana hana a yi ta zuba kuɗi don na'ura ta burge mai gani. Waya tana taimako in labari ne ya yi ƙaranci. In matsalar tirela ce da ta kwana uku a kan iyaka albasa tana zufa a buhu, kira ɗari ba zai busar da ita ba.

Sharaɗin kuwa: su nuna maka takardar jami'arsu, su faɗa maka da Hausa me za a yi da amsarka, kuma ko sunanka zai fito. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana, ta 2012, ta ba ka wannan haƙƙi, kana kuma iya cewa a'a ko da ka karɓi katin. Lambar sirrin MoMo ba ta cikin bincike. Duk wanda ya nemi ita, ko ya ce ka karanta masa lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo ne, tashi ka ba shi wuri.

Tambayarsu ta saƙon tes ma ba banza ba ce. Da yawan 'yan kasuwarmu da saƙon murya na WhatsApp suke ciniki, su kuwa masu ƙera manhaja sai su yi ta turo rubutu da Turanci, suna mamakin ba a buɗewa. Faɗa musu haka ƙarara. Sannan ka ce su ƙidaya buhu nawa ke ruɓewa tsakanin Galmi da Adjen Kotoku, su dawo kasuwa su karanta muku sakamakon a gaban shugabanninku.