Tambaya da Amsa: An ce ƙwaƙwalwar ba ta mantuwa, to ina lissafinmu ya tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake kula da kwamfutocin wani kamfanin dillancin albasa da kayan gwari da ke hulɗa da 'yan kasuwar Mile 12, ofishinmu kuwa yana Agege. Bara mun sayi tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, wadda ta zo da ƙwaƙwalwar Optane guda huɗu, aka shaida mini cewa irin wannan ba ta mance abin da aka rubuta mata ko da an ɗauke wuta, kuma da na kunna ta na ga tana nuna RAM sama da gigabayit 500. Na kafa baƙuwar kwamfuta, wato kwamfutar manhaja da ke aiki a cikin ta gaske, a cikinta da manhajar QEMU a kan Linux, na ƙirƙiri fayil a kan faifan sabar, na nuna wa baƙuwar shi a matsayin NVDIMM, wato ƙwaƙwalwa mai riƙe bayani ko babu wuta, sannan na ɗora rumbun bayanan cinikinmu a kai. Wata Laraba da la'asar aka ɗauke wuta, batirin UPS ya mutu kafin janareta ya tashi. Da muka kunna, ciniki biyu na ƙarshe sun ɓace, alhali an riga an ba masu kaya rasit, rumbun kuma sai da aka yi masa gyara kafin ya buɗe. Maigidanmu yana zargin akawu. Shin jabu aka sayar mana, ko kuskuren nawa ne?

Daga wani mai karatu, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya mayar muku da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan. Bisa ga bayanin da ka yi, ban ga alamar an sayar muku da jabu ba, kuma ina roƙonka ka wanke akawun nan a gaban maigida tun yau, domin abin da allon kwamfuta ya nuna masa shi ya gani, shi kuma ya yi aiki da shi. Bayananku ba su taɓa isa wurin da zai riƙe su bayan ɗaukewar wuta ba, wasiƙarka kuma da kanta ta nuna wurare biyu da aka saki hanya.

Wuri na farko shi ne wannan RAM mai yawa da ka gani. Kamfanin Intel ya fito da ƙwaƙwalwar Optane kasuwa a shekarar 2019, masu girman gigabayit 128, 256 da 512, ana kuma soka ta a ramin da ake soka RAM na yau da kullum. Ana iya saita ta ta fuska biyu. A saitin da ake kira Memory Mode, injin yana ɗaukarta a matsayin RAM mai faɗi kawai, yana kulle abin da ke cikinta da mabuɗin sirri wanda ake yarwa duk lokacin da aka kashe shi, saboda haka babu abin da yake tsira. A saitin App Direct ne kaɗai take bayyana a matsayin na'ura ta daban mai riƙe bayani. Guda huɗu masu gigabayit 128 sun tashi 512, wato adadin da sabarka take nunawa, wanda ya sa na fi kyautata zaton cewa a saitin farko take tun ranar da kuka saye ta.

Wuri na biyu ya fi na farko zurfi, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Idan manhaja ta rubuta wani abu a ƙwaƙwalwa, rubutun ba ya tafiya can kai tsaye. Yana fara sauka ne a wani ƙaramin aljihu mai sauri da ke cikin firosesa, inda ake tsara bayani layi layi, kowane layi bayit 64, wannan aljihun kuwa wuta ce take riƙe da shi. Domin rubutu ya tabbata, dole manhaja ta ba firosesa umarnin zazzage layin, kamar umarnin CLWB, ta biyo shi da SFENCE wanda yake sa a jira zazzagewar ta kammala kafin a ci gaba. Da zarar rubutun ya shiga jerin gwanon da ke wajen mai kula da ƙwaƙwalwa, ya shiga hurumin da tsarin ADR yake karewa, domin idan wuta ta ɗauke, ɗan ragowar ƙarfin da ke cikin injin yana isa a ƙarasa tura abin da ke jerin. Duk abin da bai tsallaka wannan iyakar ba, ko da sabar ta kai darajar gida, ya tafi tare da wutar.

Ka ɗauki misalin dillali a Mile 12 da ya sayar da buhunan albasa ya miƙa wa yaronsa kuɗin ya ce ya kai banki. Yaron ya sa su a aljihu ya ce an gama, dillalin kuma ya rubuta a littafinsa cewa kuɗi sun shiga. Tsakanin rumfa da banki akwai titi, akwai cunkoso, akwai tsautsayi. Dillali mai hankali ba ya rubuta komai sai yaron ya dawo da takardar shaidar banki a hannu.

To, baƙuwar kwamfuta ta ƙara wani yaron aike a tsakani. Lokacin da ka nuna mata fayil a matsayin NVDIMM, ita ta yarda cewa ƙwaƙwalwa mai ɗorewa ce ta gaske aka ba ta, don haka idan rumbun bayanai ya ce mata a tabbatar da rubutu, sai ta zazzage aljihun firosesa, ta amsa masa cewa an adana. A wajenta ta sauke nauyi, tun da abin da doka ta ce a yi ke nan a kan ƙwaƙwalwa ta gaske. Sai dai abin da ta zazzage ya faɗa ne cikin RAM na mai masaukinta, wato Linux da ke kan sabar, shi kuwa ba a sanar da shi komai ba, domin waɗannan umarnin firosesa ba sa bi ta wajensa. Shi nasa tsarin shi ne ya riƙa tara shafukan da aka sauya yana kai su faifai a lokacin da ya ga ya dace, kuma a saitinsa na asali shafi yana iya jira har kusan sakan 30 kafin a rubuta shi. Cinikinku biyu suna cikin wannan jiran ne wuta ta ɗauke. Lalacewar rumbun ma daga nan ta samo asali, saboda mai masauki ba ya bin jerin da rumbun ya tsara wajen kai shafuka faifai, sai wani na baya ya isa alhali na gabansa bai isa ba.

Abin da yake damuna game da wannan tarkon shi ne ba ya nuna kansa. Baƙuwar tana aiki lafiya, tana da sauri, ana kashe ta a kunna komai yana nan, har a shekara ana yaba mata. A ƙasar da wuta ba ta cika yankewa ba, mutum na iya daɗewa bai gane ba. Mu a Legas, inda janareta da batir suke cikin kayan aikin kowane ofis, ranar ganewa ba ta da nisa.

Idan ka ƙudura sai ka yi amfani da Optane ɗin, ga hanyar da za ka bi bayan ka kwashe bayananku zuwa wani wuri. Da manhajar ipmctl za ka mayar da ƙwaƙwalwar saitin App Direct ka sake kunna sabar, kuma kada ka firgita idan ka ga RAM ɗinta ya ragu zuwa ainihin abin da ke cikinta. Da manhajar ndctl kuma za ka yanka mata fili. Mafi tsabta shi ne nau'in devdax, wanda yake ba ka na'ura irin /dev/dax0.0 da za ka miƙa wa QEMU kai tsaye, ka sa share=on da pmem=on, ta yadda zazzagewar da baƙuwa take yi za ta sauka a kan ƙwaƙwalwar gaske ba tare da ɗan tsakani ba. Idan kuwa fayil kake so, to ya zauna a kan fili nau'in fsdax mai tsarin fayil na ext4 ko XFS da aka ɗora da zaɓin dax, wanda yake sa rubutu ya isa ƙwaƙwalwar kai tsaye, Linux na mai masauki kuma ya kasance 4.15 ko sama da haka. A wannan fitowar ta shekarar 2018 ne aka shigo da MAP_SYNC, wanda yake tabbatar da cewa bayanin inda fayil yake zaune ya adanu kafin a bar manhaja ta rubuta a wurin, domin babu amfanin kaya su isa sito idan littafin da ke nuna ɗakin da aka ajiye su ya ɓace.

Akwai kuma wani sharaɗi da ake yawan mantawa. Ƙwaƙwalwa mai ɗorewa ba ta lamunce cewa rubutu zai shiga gaba ɗayansa ko ya fasa gaba ɗayansa ba sai gwargwadon bayit 8 kacal, alhali shafi ɗaya na rumbun bayanai irin PostgreSQL kilobayit 8 ne, na InnoDB a rumbun MySQL kuma 16. Wuta na iya ɗaukewa shafi yana rabi sabo rabi tsoho. Waɗannan rumbunan suna da kariyarsu daga yagewar shafi, kuma kada wani ya ruɗe ka ka kashe ta don neman sauri.

Amma idan ra'ayina kake nema, kamfani irin naku ba ya bukatar wannan ɗawainiyar. Ka ba baƙuwar faifai na yau da kullum ta hanyar virtio, wato mashigar da baƙuwa take magana da na'urorin mai masauki, a kan faifan SSD irin na saba mai kafasita da ke ƙarasa rubutu idan wuta ta yanke, ka sa saitin cache=none. A wannan tsarin, duk lokacin da rumbu ya nemi a tabbatar da rubutu, saƙon yana fita daga baƙuwa ya je wajen mai masauki, shi kuma ya kai shi faifai, ba a amsawa sai an gama. Saiti ɗaya ne zan gargaɗe ka a kansa, wato cache=unsafe, wanda yake watsi da wannan saƙon ɗungurungum, an kuma yi shi ne don gwaji kawai. Akwai wata hanya ta tsakiya mai suna virtio-pmem, da ta shiga Linux 5.3 a shekarar 2019, inda baƙuwa take ganin ƙwaƙwalwa amma take aika wa mai masauki saƙon tabbatarwa, wato ainihin abin da tsarinka ya rasa. Ka kuma tuna cewa Intel ya sanar da rufe harkar Optane a watan Yulin 2022, bayan kamfanin Micron, wanda suka ƙirƙiri fasahar tare, ya janye daga ita a 2021, don haka idan guda ta mutu, a kasuwar tsofaffin kaya za ka nemi madadinta.

Kowace hanya ka zaɓa, gani ya kori ji. Ranar da babu ciniki, ka kafa rumbun gwaji, ka sa wata kwamfutar hannu ta riƙa aika masa lambobi a jere tana rubuta duk wadda aka amsa cewa an adana, sannan ka zare fulogin sabar daga bayan UPS ana tsakiyar aiki. Kada ka wadatu da kashe baƙuwar kaɗai, domin RAM na mai masauki yana nan da ransa, zai ƙarasa rubutun, gwajin ya nuna maka lafiya alhali babu ita. Idan ka kunna, lambar ƙarshe da kwamfutar hannu ta gani dole ta kasance a cikin rumbu. Ka maimaita sau da dama, ka kuma duba rahoton lafiyar ƙwaƙwalwar da ndctl, wanda yake nuna ko kashewar ƙarshe ta kammala da tsabta ko kuwa ADR bai samu ƙarasa aikinsa ba. Batirin UPS ɗin nan ma a sauya shi, a kuma haɗa shi da sabar ta yadda zai umarce ta ta rufe kanta idan cajinsa ya yi ƙasa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar kwamfuta. Idan an saita ƙwaƙwalwa mai ɗorewa daidai, kuma akwai saba biyu da baƙuwar kwamfuta za ta iya ƙaura a tsakaninsu, shin har yanzu akwai bukatar ajiye kwafin bayanai a wani wuri?

Daga wata mai karatu, Idi-Araba, Legas.

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Akwai bukata, kuma ta ma fi ƙarfi a nan. Wannan ƙwaƙwalwa a jikin saba ɗaya take soke, ba kamar rumbun faifai na tarayya ba wanda saba da yawa suke gani ta hanyar waya. Idan sabar tana da rai, ana iya kwashe abin da ke ciki zuwa ta biyu yayin ƙaura, ko da yake hakan yana ɗaukar lokaci gwargwadon girmansa. Idan kuwa ta mutu farat ɗaya, babu mai kwashewa. A tsarin VMware na tafiyar da baƙin kwamfutoci, wanda ya fara karɓar irin wannan ƙwaƙwalwa a vSphere 6.7 cikin shekarar 2018, idan aka tayar da baƙuwar a wata saba bayan ta farko ta faɗi, sabuwar ƙwaƙwalwa ake ba ta mai girma ɗaya amma babu komai a cikinta, ana sa ran manhajar ce za ta cika ta daga wani kwafin.

Ɗorewar da ake magana a kanta kariya ce daga ɗaukewar wuta kaɗai. Ba ta hana gobara, ko ambaliyar damina da kika san yadda take shiga ɗakunan ƙasa a Legas, ko ɓarawo, ko ma'aikacin da ya goge fayil bisa kuskure, wanda ita za ta adana gogewar tasa daram kamar kowane rubutu. Saboda haka rumbun bayanai ya riƙa aika kwafin kowane ciniki zuwa saba ta biyu, a kuma riƙa ɗaukar cikakken kwafi kullum ana kai shi wani gini daban, sannan a ware rana ɗaya a wata a dawo da bayanai daga kwafin a kan injin gwaji, a buɗe su a ga cinikin jiya yana ciki.