Manhajata tana tsayawa a wayoyin dillalan albasa, shin in ce su sa busta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na gama karatun kwamfuta, ina zaune a Mabera. Na haɗa manhaja da Flutter, wato kayan aikin haɗa manhajar waya, domin dillalan albasa su riƙa rubuta buhunan da suka saya da bashin da ke tsakaninsu da manoma, har da hoton rasit. A wayata mai RAM (ƙwaƙwalwar da waya take aiki da ita nan take) 8GB tana gudu lafiya lau. Da na kai ta wurin mutanen Gwadabawa da Wurno sai ta riƙa tsayawa, kuma in mutum ya fita ɗaukar hoto ya dawo, sai ya tarar duk abin da ya rubuta ya ɓace. Wasu har sun goge ta. Wani mai gyaran waya ya ce wayoyinsu ne ƙanana, in ce su sa busta ko kilina, wato manhajojin da ake cewa suna share waya su ƙara mata gudu, su kunna ƙarin RAM. Wagga matsala ta hana ni barci, don na riga na karɓi kuɗin mutane. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa, kuma gyaran a hannunka yake. Wayoyin dillalan nan lafiyarsu ƙalau. WhatsApp yana aiki a kansu, da shi suke tura farashin buhu kullum. Manhajarka ce ka ɗinka daidai jikin wayarka, sannan ka kai wa masu 2GB.

Ɓacewar rubutun nan ita ce mafi hatsari, don bashin mutane ne a ciki. Idan manhajarka ta buɗe kyamara, ita tana komawa baya ne, kyamara ta zo gaba. Kyamara kuwa tana cin RAM sosai. A waya mai 2GB, Android ya riga ya ɗauke kaso mai tsoka, sai ya duba wa zai kashe domin kyamara ta samu wuri, kuma taka ce a kusa. Mutum ya dawo, manhaja ta tashi sabuwa fil, duk abin da ke cikin fom ya tafi. A wayarka da wuya hakan ya faru, shi ya sa ba ka gan shi ba. Maganin shi ne ka riƙa ajiye abin da ake rubutawa cikin SQLite, wato rumbun bayanai na cikin wayar, nan take, tun kafin a danna maɓallin hoto. In image_picker, wato kayan ɗauko hoto na Flutter, kake amfani da shi, akwai umarnin retrieveLostData da aka tanada domin wannan matsalar, ka kira shi duk lokacin da manhaja ta tashi. Sannan ka rage hoton. Hoto mai faɗin 4000 da tsawon 3000, in aka buɗe shi yadda yake, kusan 48MB yake ci a RAM. Rasit uku a shafi ɗaya sun isa su durƙusar da ƙaramar waya, alhali rasit mai faɗin 1000 ana karanta shi sarai.

To yanzu batun busta, wanda shi ne ya fi ɓata mini rai a wasiƙarka. Kada ka kuskura ka faɗa wa ko mutum ɗaya ya sa ta. Babu ranar da ba na cin karo da wannan shawara, a bakin masu gyara, a bakin masu tura manhaja ta Xender, har a bakin waɗanda suka yi karatun kwamfuta. Mutum ya kawo waya tana nauyi, a sa masa wani abu mai hoton tsintsiya ko roka, ya danna, wasu lambobi su zagaya, a rubuta masa cewa an share 600MB, ya biya ya tafi yana godiya. Bayan kwana biyu wayar ta fi da nauyi.

Dalili kuwa a fili yake. Android da gangan yake barin manhajojin da ka rufe kwance a RAM, domin in ka koma musu su buɗe nan take. In wuri ya ƙure, shi da kansa yake kashe wadda ba a buƙata, bai jira kowa ya taya shi ba. Abin da busta take yi shi ne ta kashe su duka ba gaira ba dalili, sai kowacce ta sake tashi daga farko, ta ci batir, ta ɗumama waya. Kamar mai shayi ne da yake kashe wuta duk sanda ya zuba kofi ɗaya, ya sake hurawa in wani ya zo. Ita kanta bustar tana zaune a baya tana cin RAM ɗin da ta ce ta zo cetowa, tana jawo talla da datar mai waya. A manhajarka kuwa illar ta fi muni, domin abin da ya ɓatar da rubutun dillali shi ne kashe manhaja a baya, kai kuma za ka ba shi abin da sana'arsa kenan.

Kamfanin Google ma ya gaji da su. Daga Android 14, manhaja ba ta iya kashe wata a baya sai nata ayyukan kaɗai, ka ga a sababbin wayoyi zagayen lambobin nan wasan kwaikwayo ne. A watan Fabrairu 2020 an cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda talla mai takura wa mutane, ciki har da na Cheetah Mobile, kamfanin da ya yi Clean Master. Ka kuma duba izinin da irin waɗannan suke nema: duk fayilolin waya, saƙonnin da ke faɗowa, wani lokaci har ikon ganin abin da ke kan allo. Wannan wayar ita ce dillali yake karɓar alat da ita, lambar sirrin banki ta nan take shigowa. Idan kuɗin buhu hamsin suka salwanta ta wannan hanya, ba mai gyaran waya za a nema ba, kai da ka ce a sa za a nema.

Ƙarin RAM ɗin da kake gani a kwali an rubuta 2+2 ko 4+4 shi ma kada ya ruɗe ka. Wani yanki na ma'ajiyar waya ake ara, ita kuwa ma'ajiyar ƙananan wayoyi nau'in da ake kira eMMC ce, saurinta bai kama ƙafar RAM na gaske ba. Lambar farko ita ce taka, da ita za ka yi lissafi.

Abin da nake so ka yi a makon nan: ka shiga kasuwa ka sayi itel ko Tecno ta hannu mai 2GB, mai Android Go, wato Android ɗin da aka yi wa ƙananan wayoyi, in ka samu, irin wadda ke aljihun mutanenka. Ka cika ta da hotuna da saƙonnin murya har ma'ajiya ta kusa cika, saboda tasu ma haka take. Ita ce wayar gwajinka daga yau. Kwaikwayon waya a laftof ba ya nuna maka komai a wannan fanni, ƙarfin laftof ɗinka yake amfani da shi. Ka tabbata ginin ƙarshe (release), wanda ake ba mutane, kake gwadawa, domin ginin gwaji (debug) na Flutter dama a hankali yake tafiya. A cikin saitin waya na Developer options ka kunna Don't keep activities, wanda yake rufe shafin manhaja da zarar an bar shi, ka cika fom, ka fita, ka dawo ka ga abin da ya rage. Ka fita da ita rana. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana wuce digiri 40, waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu, kuma dillali a fili yake tsaye ba a ɗaki mai fanka ba. Ka kashe data ka ga ko tana buɗewa. Idan aka taɓa allo manhaja ta kai daƙiƙa 5 ba ta amsa ba, Android zai tambayi mutum ko ya rufe ta, kuma rufewa zai yi.

Girman fayil ma ka duba shi. APK ɗin, wato fayil ɗin da ake sa manhajar da shi, da Flutter yake fitarwa kai tsaye yana ɗauke da nau'in injin waya har uku a ciki. Ka raba shi da umarnin split-per-abi, kowane nau'i da fayil ɗinsa, ka lura cewa ƙananan wayoyi da yawa na 32-bit suke buƙata. Ka buɗe pubspec, fayil ɗin jerin kayan da manhajarka take jawowa, ka cire duk abin da ka jawo domin ado. Google ya bayyana a 2017 cewa duk ƙarin 6MB yana rage masu kammala saukewa da kusan kashi 1 cikin 100. Facebook da duk dukiyarsa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015, ƙasa da 1MB, ya kuma ware ranar Talata ma'aikatansa su ɗanɗani saurin 2G.

Ku matasanmu masu haɗa manhaja, ku ji tsoron Allah a kan data da wayoyin talakawa. Mutumin nan da guminsa ya sayi wayar, ba hakkinka ba ne ka ce ya sake wata saboda kai ba ka rage hoto ba. Ka koma wurin waɗanda suka goge, ka ba su haƙuri, ka gaya musu gyara na zuwa. Ranar kasuwa ka zauna kusa da ɗayansu, ka bar shi ya rubuta ciniki da hannunsa a wayarsa, kada ka karɓa ka nuna masa, kai dai ka riƙa rubuta duk inda ta tsaya. In bayan ka gyara hoto da ajiyar fom tana nan tana nauyi, ka sake rubuto mini da sunan wayar da girman APK ɗin, mu duba tare.