Tambaya da Amsa: Birtaniya ta bar Tarayyar Turai, ina cinikin da aka yi mata alkawari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗalibi ne, kusan sati biyu kenan muna gardama da wani abokina akan fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai, shi yana cewa dabara suka yi tunda yanzu suna da ikon ƙulla ciniki da duk ƙasar da suka ga dama ba sai sun jira izinin kowa ba, ni kuma inaga kamar asara suka tafka. Dan Allah a warware mana, me ya hana su ƙulla cinikin tun suna ciki? Kuma yanzu da suka fita sun samu abinda suke so ɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Toh gaskiya abokinka yana da hujja a rabin maganarsa, kar ka raina ta. Lokacin da Birtaniya ke cikin Tarayyar, daga 1973 har 2020, ba ta da ikon zama da wata ƙasa ita kaɗai su yanke kuɗin fito, kuma ba wai zalunci aka yi mata ba, haka tsarin yake ga kowa. Ƙasashen sun haɗa kwastam ɗinsu ne ya zama ɗaya, wato kaya in sun taso daga Japan ko Brazil fito ɗaya za a biya ko ta tashar Rotterdam a Holland suka shigo ko ta Felixstowe a Ingila, in an biya kuma shikenan, kayan sai su yi ta yawo daga Ingila zuwa Faransa zuwa Italiya ba mai tsayar da tirela ya ce ina takarda. To ka ga in aka bar ƙasa ɗaya ta rage fitonta ita kaɗai ai duk 'yan kasuwa ta ƙofarta za su riƙa shigo da kaya su zarce sauran ƙasashen a ɓagas. Shi yasa hukumar Tarayyar da ke Brussels ita ke zama teburin ciniki a madadin kowa.

Kuma zaman nasu yana da nawa ba kaɗan ba. Yarjejeniyar da suka yi da Kanada an fara tattaunata a 2009 ba a sa hannu ba sai 2016, a ƙarshe ma majalisar wani yanki na Beljiyam da ake kira Wallonia ta kusa rusa ta. Masu son fita da irin wannan suke kafa hujja, suna cewa mu kaɗai da tuni mun gama.

Yanzu sai mu duba abinda ya faru bayan sun fita, dan anan ne nake ganin kai ka fi kusa da gaskiya. Birtaniya ta sa hannu da ƙasashe wajen 70, in ka ji adadin sai ka ce kai an yi aiki, amma mafi yawansu kwafin tsofaffin yarjejeniyoyin da take cin moriyarsu ne tun tana cikin Tarayyar, an dai sake rubuta su da sunanta dan kar su faɗi. Inda aka makara ma an ji a jika, a watan Janairun 2021 ayabar Ghana da ta isa tashar Portsmouth sai da aka caje ta fito saboda ba a gama sabunta takardar ba. Sababbi fil da aka faro daga tushe su ne na Ostareliya da New Zealand waɗanda suka fara aiki a ƙarshen Mayun 2023, sai shiga ƙungiyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik, CPTPP, a Disambar 2024, sai ta Indiya da aka sa wa hannu a Yulin 2025. Babbar da aka fi kwaɗaita wa mutane, ta Amurka, ba a samu cikakkiyarta ba, 'yar fahimta dai aka cimma da gwamnatin Trump a 2025 akan motoci da ƙarafa da naman shanu. Obama tun a Afrilun 2016 ya je Landan ya faɗa musu cewa in sun fita a ƙarshen layi za su tsaya, mutane da yawa suka ji haushi suka ce shisshigi ne, amma dai cinikin biri a sama aka yi da wannan alkawarin.

Ga lissafin da ya kamata ka kai wa abokinka, kuma ba na 'yan adawa bane, na gwamnatin ne da kanta. Ta ƙiyasta cewa yarjejeniyar Ostareliya za ta ƙara wa tattalin arzikin ƙasar kashi 0.08 cikin 100 a tsawon shekaru, ko kashi ɗaya bai kai ba. Ita kuma hukumar da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar, OBR, hasashenta shine fitar za ta rage ƙarfin tattalin arzikin da wajen kashi 4 cikin 100 a dogon zango in aka kwatanta da a ce sun zauna. Akwai masana da ke ja da wannan adadin, suna da 'yancinsu, amma ko ka raba shi biyu tazarar tana nan da girmanta.

Dalilin ba wani boyayye bane, nisa ne. Tsakanin tashar Dover a Ingila da ta Calais a Faransa wajen kilomita 40 ne, tirela ta ɗauko kifi ɗanye daga Scotland yau gobe yana kasuwa a Faransa, jirgin ruwa kuwa zuwa Ostareliya sai ya yi makonni a teku. Tarayyar mutum wajen miliyan 450 ce a bakin ƙofarsu, har yau kuma sama da kashi 40 cikin 100 na abinda Birtaniya ke sayarwa waje can yake tafiya. Eh an yi yarjejeniya da Tarayyar ranar 24 ga Disambar 2020, ba fito ba ƙayyade yawan kaya, amma fa rashin fito daban rashin takarda daban. Yanzu sai ka cike fom ɗin kwastam, in nama ne ko cuku sai likitan dabbobi ya duba ya buga hatimi, sannan sai ka kawo shedar cewa kayan asalinsu a Birtaniya aka yi su ba daga China aka kwaso aka sake kwali ba, in ba haka ba fiton na nan yana jiranka. Babban kamfani zai ɗauki ma'aikata su yi masa wannan, wanda abin ke bani tausayi shine ƙaramin ɗan kasuwa mai tura kwali biyar ko goma, da yawansu haƙura suka yi da kasuwar Turai gaba ɗaya dan kuɗin takardar ya cinye ribar.

Sannan a teburin ciniki girman kasuwarka shine bakinka. Wanda ya zo da masu saye miliyan 450 a bayansa ba ɗaya yake da wanda ya zo da miliyan 68 ba, balle kuma kowa ya san kana sauri kana so ka nuna wa mutanenka cewa fitar ta yi amfani. Manoman Birtaniya sun yi ta kuka cewa an buɗe wa naman Ostareliya ƙofa da yawa, kuma George Eustice wanda shine ministan da ke kula da noma lokacin da aka ƙulla ta, bayan ya sauka ya tashi a majalisa a 2022 ya ce yarjejeniyar ba ta yi wa ƙasar kyau ba, an ba da da yawa an karɓi kaɗan. Hannu ɗaya dai baya ɗaukar jinka. Ka gaida abokin naka, ka ce masa 'yancin da yake magana sun same shi da gaske, sai dai ya zauna ya lissafa nawa aka saye shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni abinda ke ɗaure min kai, in har fitar tana da illa haka, ya aka yi mutane masu ilimi suka zaɓe ta da hannunsu? Ko yaudararsu aka yi? Daga 'yar'uwarku mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Barka kadai Malama, na gode. Ni bana son a riƙa cewa mutum miliyan 17.4 duk ruɗarsu aka yi, wannan raini ne kuma irin rainin ne ma ya tunzura su. A ƙuri'ar raba gardamar ranar 23 ga Yunin 2016 kashi 52 suka ce a fita kashi 48 suka ce a zauna, in kika duba taswirar kuma za ki ga Landan da Scotland da Ireland ta Arewa zama suka zaɓa, garuruwan arewacin Ingila da Wales da masana'antunsu da ramukan kwal ɗinsu suka mutu tun shekarun 1980 su ne suka fi cewa a fita. Mutumin da aikin ubansa ya tafi bai dawo ba, aka zo aka tsuke bakin aljihun gwamnati bayan rikicin bankuna na 2008, ka zo kana ce masa tattalin arziki zai lalace in an fita, ai cewa zai yi nawa ya daɗe da lalacewa. Ga kuma batun baƙi, a 2004 ƙasashe 10 suka shiga Tarayyar ciki har da Poland, Birtaniya ta buɗe musu ƙofar aiki nan take alhali Jamus da Faransa sun jinkirta, mutane suka shigo fiye da yadda gwamnati ta zata nesa ba kusa ba. Akwai kuma waɗanda su ba kuɗi ne a gabansu ba sam, cewa suke dokar da za ta hau kanmu majalisarmu ce za ta yi ta, ba kotun Tarayyar da ke Luxembourg ce za ta yi mana hukuncin ƙarshe ba, ko za mu yi asara mun yarda. Wannan matsayi ne da nake girmamawa ko da ban bi shi ba.

Amma yaudara kam an yi, ba zan ɓoye miki ba. Jar motar bas ɗin da su Boris Johnson suka yi ta yawo da ita an rubuta cewa ana tura wa Tarayyar fam miliyan 350 duk sati, gara a zuba a asibitoci, alhali adadin bai cire rangwamen kuɗin gudummawa da Firaminista Margaret Thatcher ta samo musu tun 1984 ba balle kuɗin da ke dawowa ga manoma da yankuna, hukumar ƙididdigar ƙasar ma ta fito ta ce adadin yana ɓatar da mutane. Batun baƙin kuma, wallahi abin mamaki, kafin ƙuri'ar rarar masu shiga akan masu fita wajen 330,000 ne a shekara, a 2023 ya haura 800,000, Turawa sun ragu sai 'yan Indiya da Najeriya da sauransu suka cike gurbin a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i, saboda aikin yana nan dole wani ya yi shi. Firaminista David Cameron da ya kira ƙuri'ar dan ya kashe rigimar cikin jam'iyyarsa washegari ya sanar da murabus, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

TAMBAYA: Salam Malam. A taƙaice, za su iya komawa? Kuma me yasa ake yawan ambaton Ireland a maganar?

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Ireland ita ce ƙashin da ya tsaya musu a wuya. Tsibiri ɗaya ne, kudu ƙasa ce mai cin gashin kanta kuma tana cikin Tarayyar, arewa tana ƙarƙashin Birtaniya, tsakaninsu iyaka ce ta wajen kilomita 500 wadda aka cire mata shingaye bayan sulhun 1998 da ya kawo ƙarshen kusan shekara 30 ana zubar da jini, ba wanda yake so a mayar da shingen kwastam wurin. To in ba a duba kaya a nan ba a ina za a duba? Wannan ne ya ci kujerar Firaminista Theresa May, sau uku majalisa tana watsi da shirinta a 2019. Daga baya aka mayar da binciken kan kayan da ke tsallaka teku daga Birtaniya zuwa Ireland ta Arewa, wato iyaka a cikin ƙasa ɗaya, sai a 2023 Firaminista Rishi Sunak ya samu aka sassauta shi.

Komawa kuwa doka ba ta hana ba, sai dai za su nema ne kamar kowace sabuwar ƙasa kuma sai duk ƙasashe 27 sun amince, ba kuma tabbas za a mayar musu da rangwamen da suke da shi a da. Akwai hanyar tsakiya irin ta Norway, tana cikin kasuwar bai-ɗaya ta Turai ba ta cikin Tarayyar, amma tana biyan kuɗi tana bin dokokin da ba ta da ƙuri'a a kansu kuma ƙofarta a buɗe take ga ma'aikatan Turai, abubuwan da masu son fita suka gudu kenan. Gwamnatin Keir Starmer da ta hau a Yulin 2024 ta ce ba ta komawa kasuwar bai-ɗaya ko haɗakar kwastam, abinda ta yi a taron Mayun 2025 shine ta amince jiragen kamun kifin Turai su ci gaba da shiga ruwanta har 2038, su kuma a zauna a rage binciken da ake yi wa kayan abinci a kan iyaka.