Tambaya da Amsa: Karatun Littafi Mai Tsarki a Natse, na Katolika ne Kaɗai?

Tambaya: Malam, ni 'yar Angilikan ce a Wusasa. Kowace safiya nakan karanta sura biyu ko uku, amma kafin azahar na manta abin da na karanta. Wata abokiyar aikina ta ce in gwada lectio divina. Mene ne shi, kuma ba na 'yan Katolika ba ne?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Lectio divina Latin ne, ma'anarsa karatu mai tsarki, wato karanta Littafi Mai Tsarki a natse cikin addu'a. Wannan karatu ya girmi rabuwar Katolika da Furotesta nesa ba kusa ba, don haka gadonmu ne duka. Sufayen Kirista na hamadar Masar, masu keɓe kansu don ibada, suna yin irinsa tun ƙarni na 4. A ƙarni na 6 Benedict, wani shugaban sufaye a Italiya, ya keɓe wa sufayensa sa'o'in karatu kullum, a jere da addu'a da aikin hannu. Wanda ya tsara shi matakai 4 kuwa wani sufi ne a Faransa mai suna Guigo, a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sai natsuwa gaban Allah. Da cin abinci ya kwatanta su: ki sa loma a baki, ki tauna, ki ji ɗanɗano, sannan daɗin ya ratsa ki.

A ganina matsalarki yawa ce. Sura uku kafin a ɗora kunu, yara na neman takalman makaranta, ina za ta zauna? Ki rage. Ɗauki ayoyi kaɗan, misali labarin Bartimawas makaho a Markus 10:46-52. Karanta da murya ƙasa-ƙasa, sau biyu ko uku. Sufayen dā ma da leɓe suke karatu, mu kuma a Zazzau karatu da murya ba baƙonmu ba ne. Idan wata magana ta riƙe ki, a ce tambayar da Yesu ya yi masa, me kake so in yi maka, to tsaya nan. Kada ki yi saurin wucewa don ki kai ƙarshe. Yi ta maimaita ta, ki ɗauka ke ake tambaya. Amsar da ta fito daga zuciyarki, ko kuɗin makaranta ne ko rashin lafiyar mahaifiya, ita ce addu'arki. Bayan nan ki yi shiru. Nan ne aka fi shan wuya, domin tunanin cefane zai shigo. Ki koma kan ayar kawai, ba laifi kika yi ba. Minti 15 ya isa mafari.

Ina ba ki shawara ki yi shi da Hausa, ko da kin saba da na Turanci. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi ɗawainiyarsa ƙwarai, kuma magana ta fi shiga da harshen da mutum ke kuka da shi.

Sai dai a yi hattara. Wannan ba ya maye gurbin nazarin Littafi da ake yi a coci ko a zumuntar mata, inda ake bin tarihi da ma'anar nassi. Na sha ganin masu ɗaukar duk abin da ya faɗo musu a rai su ce Allah ne ya faɗa musu. Idan abin da kika ji ya shafi babbar shawara, kamar aure, barin aiki ko zargin wani, auna shi da sauran Nassi, ki kuma kai wa fastonki kafin ki ɗauki mataki.