Furen sakura a bakin rafin Meguro: zan tarar da shi kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Na samu gurbin ƙaro karatu a Tokiyo, in Allah ya yarda satin farko na Afrilu zan sauka. Wata ƙawata ta turo min bidiyon wani rafi a tsakiyar garin, bishiyoyi sun lulluɓe shi ruf da fure, mutane na ta kaiwa da komowa a gefe. Don Allah da gaske haka wurin yake ko aikin waya ne, kuma zan tarar da shi? Sannan yayana ya ce kar in kuskura in je, wai bautar itace suke yi a wurin. Ƙanwarki daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya sa a gama lafiya. Yadda kika siffanta wurin nan, rafin Meguro ne, ta unguwar Nakameguro, kuma ba aikin waya ba ne, sai dai masu ɗora bidiyo suna ɗan ƙara wa kalar gishiri. A ido furen, wanda Japanawa ke kira sakura, wato furen bishiyar cherry, ya fi kusa da fari, ɗan ja-jan da ke jikinsa kaɗan ne. Bishiyoyin sun kai wajen 800, an jera su gefe da gefe tsawon kusan kilomita 4, rassan can da na nan sun miƙo har sun kusa haɗewa a saman ruwan. Shi kansa rafin kar ki sa ran wani abin a zo a gani ne, siriri ne an yi masa bango da siminti, in ba lokacin fure ba wuce shi za ki yi ko waige babu.

To maganar za ki tarar ko ba za ki tarar ba, nan ne gizo ke saƙar, don furen nan ba ya jiran kowa. Yawancin bishiyoyin irin da ake kira Somei Yoshino ne, kuma ba daga ƙwallo ake shuka su ba, reshe ake yankowa a yi masa aure da wani tushe, kenan duk asalinsu ɗaya, shi ya sa in za su buɗe tare suke buɗewa in za su zube ma tare. Hukumar yanayi ta Japan tana da bishiya guda da take sa wa ido a harabar wani wurin ibada a Tokiyo mai suna Yasukuni, da zarar fure 5 ko 6 sun buɗe a jikinta sai a sanar cewa an fara a Tokiyo, bayan kamar sati guda ya cika makil, wani satin kuma ya fara zuba, in aka yi rashin sa'a ruwa da iska suka sauko to ko satin ba zai cika ba. Ranar farawar ma ba tabbas, a 2023 tun 14 ga Maris aka sanar, a 2024 kuwa sai 29 ga Maris. Kin ga in shekararki ta zo irin ta biyun za ki sauka ana tsakiyar shagali, in ta farkon ce sai dai ki tarar da ganye ya fara leƙowa.

Ni dai a ganina ko ƙarshensa kika riska ba ki yi asara ba. Lokacin da yake zuba iska kaɗan ta isa ki ga yana saukowa a kan mayafinki da kafaɗun mutane, saman ruwan ya rufe gaba ɗaya da fure yana gangarawa a hankali ta ƙarƙashin gadoji, ki tsaya a kan gada ɗaya ki leƙa ƙasa ba za ki ga ruwa ba sam. In kuma ya ƙare kwata-kwata ki nufi lambun Shinjuku Gyoen, akwai wasu iri masu kaurin fure da suke makara sai tsakiyar Afrilu, ana biyan kuɗin shiga amma an hana shiga da giya, wanda na san zai yi miki daɗi.

Shawarar da zan fi nanata miki ita ce sammako. Da yamma da dare ana kunna fitilun takarda a rataye, akwai kyau ba ƙarya, amma fa ranar Asabar ko Lahadi wurin sai ka ce Kantin Kwari ana gobe sallah, tafiya sai da turereniya, hoto ɗaya ba za ki samu ba kan wani a ciki ba. Rana tana fitowa wajen biyar da rabi a lokacin, ki yi asuba ki ɗan jira gari ya waye ki hau jirgin ƙasa, daga babbar tashar Shibuya tasha biyu ce a layin Toyoko ki sauka Nakameguro, minti kaɗan a ƙafa kin isa. Ki sa rigar sanyi mai kauri don sanyin safiyar ya fi na hunturun Zariya shiga jiki, ga takalmi mara tsini.

Shi kuma yaya ki kwantar masa da hankali. Abin da suke kira hanami yawon shaƙatawa ne, iyalai da abokan aiki su fito su kalli fure su ci su sha su yi hotuna, babu wanda zai ce ki rusuna wa komai. Inda za ki kula shi ne rumfunan masu sayar da abinci, kofin nan mai ruwan hoda da 'ya'yan itace a ciki da za ki ga 'yanmata na riƙe da shi galibi giya ce, tsiren ma sau da yawa na alade ne, ki tafi da guzurinki a jaka kawai. Kar ki jawo reshe don hoto balle ki tsinki fure, suna jin haushin wannan sosai, kuma kwandon shara yana wuyar samu, ledarki za ki ƙulle ki koma da ita gida. In azahar ta riske ki a waje, masallacin Tokyo Camii da Turkiyya ta gina yana unguwar Yoyogi-Uehara, ba nisa can ba, kuma akwai ɓangaren mata a sama.