Yaron da ba ya son a sauya masa komai: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara biyar yana da galahanga (autism). Kofi ɗaya yake shan koko da shi, hanya ɗaya muke bi zuwa Islamiyya. In aka sauya, sai kuka da birgima. Dangi na cewa sangarta ce. (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, ba sangarta ba ce. Tun 1943 likita Leo Kanner, da ya bayyana halin yara 11 masu galahanga, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, a Amurka, ya lura da wannan naci na son komai ya zauna yadda yake. Sauyi yana jefa su cikin fargaba ta gaske.

Abin da muke aunawa a asibiti shi ne yadda halin ke taɓa rayuwar gida. Ki sami littafi ki riƙa rubutawa na tsawon mako biyu: me aka sauya, kukan ya ɗauki minti nawa, me ya kwantar da shi, ko ya ji wa kansa ciwo. Ki kuma rubuta abin da halin ya hana: barci, zuwa makaranta, biki ko ziyara. Wannan littafin ya fi min amfani nesa ba kusa ba da ganin yaron na rabin awa. Ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Tambaya: 'Yata tana jera murafun kwalba a layi kullum. In hana ta? (Wani uba, Maraɗi)

Amsa: Malam, ka ƙyale ta, muddin ba ya hana ta ci ko barci. Natsuwa take samu.

Tambaya: Jikana ba ya cin komai sai taliya da shayi. Ubansa har dukansa yake yi. Akwai magani? (Wata kaka, Kaduna)

Amsa: Mama, don Allah a daina dukan, ƙara masa tsoro kawai yake yi. A auna nauyinsa da jininsa, domin irin wannan ci kan jawo ƙarancin jini. A riƙa ajiye loma ɗaya ta sabon abinci kusa da taliyar ba tare da tilastawa ba, ko zai ɗauki makonni kafin ya taɓa. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Maganin Risperidone kan rage tsananin fushi, amma yana sa ƙiba da barci, kuma likita ne kaɗai zai rubuta shi.