Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Zuwa Wurin Aiki a Kan Keke

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zame wa ma'aikata babban nauyi, kuma tambayoyi kan hawan keke sun yawaita a wannan fili. Ga biyar daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ne mai kula da ma'aikata a wani kamfani a Kano. Shugabanninmu na son sayo kekuna su ba ma'aikata bashi, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan a albashi. Wasu na cewa wahala kawai za a ƙara musu. Da gaske akwai amfani ga lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai amfani, kuma ba ɗan kaɗan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Wanda ke tuƙa keke minti 15 zuwa ofis, minti 15 dawowa, kwana biyar a mako, ya cika 150 ɗin ba tare da ya ware wani lokaci na daban ba. Wannan shi ne abin da ya sa nake fifita keke a kan yawancin shawarwarin da muke bayarwa a asibiti. Mutum kan yi alkawarin fita atisaye da asuba, bayan mako biyu ya daina, amma zuwa aiki dole ne.

A shekarar 2017 masana a Jami'ar Glasgow suka fitar da sakamakon bibiyar ma'aikata sama da 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara biyar. Sun ga cewa masu zuwa aiki a keke haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya ya yi ƙasa da kashi 46 cikin ɗari, na ciwon daji kuma da kashi 45, idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas. Ba duka wannan ratar ce aikin keke ba, domin mai ƙoshin lafiya ne tun farko ya fi saurin hawa, amma ratar ta yi girman da ba za a yi watsi da ita ba. A Holan ma an gano masu zuwa aiki a keke sun fi sauran ƙarancin fashin rashin lafiya da kusan kwana ɗaya a shekara. A Holan da Beljiyam ma'aikaci kan karɓi alawus a kan kowace kilomita da ya tuƙa zuwa aiki.

To amma ka gaya wa shugabanninka cewa sayen keken shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Ma'aikacin da ya iso sharkaf da gumi, babu inda zai watsa ruwa ya sauya riga, ba zai kai wata guda yana hawa ba. A tanadi banɗaki mai ruwa da wurin rataye kaya. A yi rumfa mai inuwa kusa da maigadi inda za a ɗaure kekuna, a ajiye famfon iska da kayan faci. Kowane keke ya zo da hular kwano, da fitila gaba da baya, da riga mai ƙyalli, a haɗa kuɗinsu cikin bashin tun farko, don idan aka bar wa mutum ya saya da kansa ba zai saya ba. Idan aikinku zai ba da dama, a bar masu keke su shigo da sassafe su tashi bayan la'asar, rana ta yi sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne titi. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya dage wajen kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, sai ga shi wata bas ta buge shi a Abuja yana kan kekensa zuwa aiki. Har yau yawancin titunanmu ba su da layin masu keke. Saboda haka a zauna da kowane ma'aikaci a duba hanyarsa, a nemo ta cikin unguwa ko da ta fi tsawo, a kauce wa manyan tituna da tireloli ke bi. Ku gayyaci jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su yi musu bita. Wanda gidansa ke da nisa sosai, ko hanyarsa ba ta da mafita sai babban titi, kada a matsa masa. Kada a tilasta wa kowa, kuma a auna hawan jini da suga kafin a miƙa keke.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ita ce mai wuyar. A wurinmu ana kallon keke abin hawan wanda bai samu ba. Muddin masinja da mai shara ne kaɗai za su hau, manaja na wucewa a mota da gilashi a rufe, shirin ba zai yi nisa ba. Kai da manyan ku fara hawa, ko da sau biyu a mako.

Tambaya: Likita, shekarata 54, ina da hawan jini da ciwon suga, ina shan magani. Ofishinmu a Zariya sun fara raba kekuna. In karɓa?

Amsa: Ka karɓa, Alhaji, amma ka fara ganin likitanka. Motsa jiki a kai a kai na sauke hawan jini, yana kuma taimaka wa jiki ya sarrafa suga, don haka irinka ne ma ya fi cin moriya. Sai dai idan awon hawan jininka ya kai 180 bisa 110, a fara sauke shi tukuna.

Idan allurar insulin kake yi, ko kana shan ƙwayoyin suga irin su glibenclamide, suga na iya faɗuwa kana kan hanya. Alamominsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa ta farat ɗaya, da jiri. Kada ka fita ba ka karya ba, kuma kullum ka riƙe dabino ko alewa a aljihu. Ka sa takalmi rufaffe, ka duba ƙafafunka kowace yamma, domin mai suga kan ji rauni bai sani ba. Ka fara da minti goma a unguwa na mako ɗaya ko biyu kafin ka doshi ofis. Gudun da ya dace shi ne wanda za ka iya magana kana tuƙi. Idan ka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwon ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe, ka sauka nan take a kai ka asibiti. Kada ka ce bari ka ƙarasa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, abokan aikina sun ce keke na kawo basir, yana kuma rage ƙarfin namiji. Wannan ne ya hana ni shiga shirin. Gaskiya ne?

Amsa: Na ji daɗin da ka tambaya, don na san da yawa na da wannan tsoron suna jin nauyin faɗa. Keke ba ya haifar da basir. Abin da ke kawo shi shi ne taurin bayan gida, da yunƙuri, da daɗewa a tsugune. Idan basir ɗin ya riga ya kumbura, sirdi na iya fama shi, sai ka huta har ya lafa. Jini a bayan gida kuwa a je asibiti a duba, kada a ce basir ne a wuce wurin mai magani a bakin kasuwa.

Batun iyali kuma, wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya kwatanta masu keke da masu gudu da masu ninƙaya, bai ga masu keke sun gaza sauran ba. Hasali ma yawancin raunin mazakuta daga lalacewar jijiyoyin jini yake, wadda hawan jini da suga da taba ke jawowa, kuma motsa jiki na cikin rigakafinsa. Abin da ke faruwa da gaske shi ne sirdi siriri ko wanda hancinsa ya ɗaga sama kan danne jijiyar da ke tsakanin cinyoyi, wurin ya yi sanyi kamar ba naka ba. Ka sa mai gyara ya daidaita sirdin ya kwanta sosai, ka nemi mai faɗi, kuma ka riƙa ɗagawa daga kansa jefi-jefi. Idan hakan ya ci gaba bayan gyara, ka ga likita. Wanda za a yi wa gwajin jini na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya bar keke kwana biyu kafin ranar, don tuƙi na iya ɗaga sakamakon.

Tambaya: Ina aikin jinya a Ingila. Asibitinmu na da shirin sayen keke ta albashi. Ban taɓa hawa ba, ina da shekara 38, ina sa hijabi, kuma ina son rage ƙiba. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, 'yar'uwa. Shirin da kike magana an fara shi tun 1999: wurin aiki ne ke biyan kuɗin keken, a riƙa cirewa daga albashinki kafin a yanki haraji, don haka yana zo miki da rahusa. Hular kwano da fitila da makulli duk suna shiga ciki. Ƙananan hukumomi da yawa a can na koyar da manya tuƙi, ki tambayi taku. Ki zaɓi keken mata marar sanda a tsakiya, mai murfi a kan sarƙa don kada ta kama tufafi, ki sa wando a ciki, ki cusa jelar hijabin cikin riga, hular ta hau kansa. Idan hanyar da tudu ko za ki dawo a gajiye daga aikin dare, keke mai batir ma motsa jiki ne.

Ƙiba dai keke shi kaɗai ba zai sauke ta da yawa ba sai an gyara abinci. Amma zuciyarki da sugarki da barcinki za su amfana ko sikeli bai motsa ba, kada hakan ya karya miki gwiwa.

Tambaya: Likita, a Sakkwato nake. Yaya zan yi da zafin bazara da ƙurar hunturu, da kuma azumi?

Amsa: Daga Maris zuwa Mayu zafin garinku kan haura digiri 40, don haka ka fita da sanyin safiya, ka guji tuƙi tsakanin sha biyu da la'asar. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka tafi da gora, ka sa riga mai haske marar nauyi. Fitsari ja alama ce ruwan bai isa ba. Ciwon kai mai tsanani da jiri da amai, ko mutum ya fara surutai marasa kan gado, wannan bugun zafi ne: a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya asibiti.

Da hunturu ka sa takunkumi da tabarau, ka kunna fitila ko da rana idan hazo ya yi kauri, don direbobi su hango ka. Mai asma kada ya rabu da abin shaƙarsa, kuma ranar da ƙura ta yi yawa ya bar keken a gida.

Da azumi, tafiyar safe bayan sahur ba ta da matsala ga mai lafiya idan a hankali ake yi. Dawowar ce ke buƙatar lura. Ka jinkirta ta zuwa dab da shan ruwa, ko ka nemi ofis su yarda ka bar keken a can ka hau mota. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda ya tattauna da likitansa tun kafin watan ya kama.